Ranar da kamfanin inshora ya maido mini da dala 400

A watan Afrilun 2022 na dawo daga aikin dare, na buɗe akwatin wasiƙu na gidan da nake haya a Ditroyit, sai ga ambulan daga kamfanin da nake biya inshorar mota. Gabana ya faɗi, don takardarsu ba ta taɓa zo mini da alheri ba: ko ƙarin kuɗi, ko tunin cewa wata ya ƙare. Ina buɗewa na ga caki na dala 400 da sunana a kai. Kwana uku yana cikin aljihun jakata ban kai shi banki ba, ina zargin aikin 'yan damfara ne. Sai ranar Juma'a bayan an sallame na nuna wa wani dattijo, Bahaushen Kumasi da ya daɗe a nan. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, je ka karɓi abinka. Ni motoci biyu gare ni, 800 suka aiko mini." Na ce, "Baba, kamfani ya maido kuɗi ba a kai shi ƙara ba?" Ya ce doka ce ta sa su.

Daga ranar na shiga bin diddigi. Ashe a Amurka harkar inshora a hannun jihohi take, tun wata doka ta 1945, kowace jiha da nata tsarin. Tsarin Mishigan, jihar da Ditroyit take ciki, tun 1973 shi ne, in ka yi hatsari kamfaninka ne zai biya maka asibiti ko laifin waye, kuma a da babu iyaka, ko da jinyar za ta kai ƙarshen rayuwa. Gata ne babba, amma shi ya sa inshorar motar jihar ta zama cikin mafiya tsada a ƙasar, talakan Ditroyit da yawa ya gwammace ya tuƙa babu ita. Akwai wani asusu na masu munanan raunuka da ake cirar wa kowace mota kuɗi duk shekara, har ya kai dala 220 a 2019. A shekarar ce majalisar jiha ta yi gyara, Gwamna Gretchen Whitmer ta sa hannu a watan Mayu. Daga Yulin 2020 direba ya samu zaɓi: ya riƙe marar iyaka, ko ya tsaya a dala 500,000, ko 250,000. Kuɗin asusun ya sauko 100, ya sake saukowa 86. Da aka duba aka tarar da rarar dala biliyan 5 a ciki, aka raba wajen biliyan 3 ga masu motoci. Cakina ke nan.

Kada ku ɗauka an huta. Har yau inshorar nan tana cin wuyana. Dokar 2019 ta hana kamfani duba aurenka, sana'arka, iliminka ko lambar unguwarka ta gidan waya wajen yanke maka farashi, amma ta bar musu damar raba jihar yanki-yanki. Abokin aikina da ke bayan gari, tafiyar rabin awa tsakaninmu, motarsa ta fi tawa, kuɗinsa bai kai nawa ba. Abin da ya fi sosa mini rai kuma shi ne masu shanyewar jiki: an zaftare kashi 45 cikin 100 na abin da ake biyan masu kula da su, dangin da ke jinyar nasu a gida aka ƙayyade musu awa 56 a mako. Sai a 2023 kotun ƙolin jihar ta ce ragin bai hau kan waɗanda suka ji rauni kafin gyaran ba. Rahusar da na samu, wani na kwance ne ya ji ta a jikinsa, kuma hakan bai bar zuciyata ba.

Duk da haka, 'yan uwa, mu gaya wa kanmu gaskiya. Naira 15,000 ɗin inshorar mota da muke ba wani a gida Najeriya a gindin bishiya kusa da ofishin lasin, takardar nuna wa ɗan sanda muke saya. Tun 2023 takardar, in ta gaskiya ce, tana ɗauke da diyya har naira miliyan 3 ga wanda ka yi wa ɓarna. Mu nawa ne muka taɓa zuwa nema? A yi karo, a taru a bakin titi ana cacar baki, dattijo ya ce a yi haƙuri ƙaddara ce, mai ƙaramin ƙarfi ya koma gida da asara. Imani da ƙaddara bai hana mutum bin hakkinsa ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshora ba, ga takaful, wato inshorar Musulunci, nan an kawo har Kano.

Abin da ba su da shi a nan kuwa, shi nake kewa. Da sanyin bara mota ta zame mini a kan ƙanƙara na daki ƙarfen gefen hanya. Kamfani ya biya gyara cikin mako biyu, amma ko mutum ɗaya bai ƙwanƙwasa ƙofata ya ce sannu da arziki ba. A unguwarmu da tabarma ta cika kafin la'asar.

Dala 400 ɗin, rabi na tura wa Inna na cefanen Sallah. Sauran ya koma wa kamfanin a biyan watan Mayu.