Na cire tsohon firjin motata na saka mai kwamfireso

Jama'a waɗanda suka dame ni da tambaya kan firjin motata tun da na saka hotonta, ga bayanin canza shi da na yi. Motar tsohuwar bas ce 'yar Beljiyam irin wadda Turawa ke kwana a ciki, da gadonta da ɗan kicin ɗinta, ni kuma ina amfani da ita zuwa gona wajen Alkaleri, wani lokaci in kwashi yara mu tafi Yankari mu kwana biyu.

Firjin da ta zo da shi irin mai hanya uku ne, gas ko batirin mota ko wutar NEPA. Ba shi da kwamfireso sam, wato injin da ke matsa gas ya kawo sanyi kamar a firjin gida, zafi ne ke juya ruwan amoniya a bututun bayansa, shi ya sa ba ya ƙara ko kaɗan. A ƙasar sanyi ƙila abin kirki ne, amma a Bauchi watan Afrilu da zafin rana ke kai digiri 40? Wallahi randar ƙasa ta fi shi. Ga shi sai mota ta tsaya daidai ba karkata kafin ya yi aiki, in ka sa shi a batir kuma ka kashe mota sai ya tsotse batirin tas. Abin da ya sa na haƙura da shi, uwargida ta dama mana kunun aya jarka guda da asuba, kafin mu kwana a Wikki, masaukin baƙi na cikin Yankari, ya yi tsami ya kumbura jarkar, kun san kunun aya ba ya jira. Har yau in an tuna sai ta ce Alhaji da firjin Turawansa.

Sabon da na saya ɗan China ne mai kwamfireso, lita 45, yana aiki da 12V da 24V, akwai kuma adafta ta wutar gida. Na so na kamfanin Dometic ko Engel amma da na ji kuɗin sai na ja da baya, ba ƙarya.

Sanyi kam ba a magana. Na zuba fiya wata da zoɓo a gida na kunna, kafin mu kai Dindima inda ake karya kwanar Yankari ruwan ya yi sanyin da har haƙori yake ji. Ina barin sa a digiri 3 ne, in ka so ƙanƙara yana sauka ƙasa da sifili sosai. Gargada da karkata ba ruwansa. Wutar da yake ci in kwamfireson na aiki wajen watt 45 ne, kuma ba kullum yake aiki ba, yana yi yana hutawa.

To amma fa ga inda na sha wuya. Farko na soka shi ne a soket ɗin sigari kawai, rana ta biyu ya dinga kashe kansa yana nuna wai batir ya yi ƙasa alhali batirin lafiya lau, har na fara zagin mai shagon a zuciyata, Allah ya yafe min. Da na kai wa wani mai wayarin mota ya duba sai ya ce Alhaji ai wayar ce siririya, wutar na raguwa a hanya kafin ta iso firjin. Ya ja waya mai kauri kai tsaye daga batir ya sa fiyus kusa da kan batirin, shi ke nan bai sake ba. Daga baya na ƙara batir na biyu 100Ah da sola watt 200 a rufin mota, don kada in farka a daji mota ta ƙi tashi. Duk wanda zai saya ya sa wannan a lissafi, kuɗin firjin kaɗai ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba.

Sai kuskurena na kaina, ban auna ramin tsohon ba kafin in biya. Tsohon ƙofarsa ta gaba ce, wannan kuma murfinsa sama yake buɗewa, sai da kafinta ya yi masa katako mai zamewa kamar durowa. Mun bar masa fili ta gefen fanka don ya sha iska. Bututun gas na tsohon kuma mai gas na kira ya toshe, wannan ba aikin ganganci ba ne. Tagogin iskan da tsohon ya bari a jikin mota na rufe ɗaya saboda ƙurar hunturu.

Da dare akwai 'yar ƙara in injin firjin ya tashi, daren farko ta tashe ni sau biyu yanzu na saba. Tumatir ko kankana in ka sa su can ƙasa jikin bango sai su daskare, a kwandon sama nake sa su. Kuma murfin ba shi da wurin kwaɗo, masu zuwa Yankari kun san halin birai na wurin, ɗaya ya leƙo ta taga ya ɗauke ledar masa a kan murfin ina tsaye ina kallo, tun ranar in mun sauka Wikki gilas a rufe yake ko da zafi zai kashe mu.