Durban ko Basalona: daga ina Hajiya za ta fara hawa jirgin ruwa na shaƙatawa?

Hajiya, barka da ƙoƙari. Kin ce kin kwashi adashinki, kina so ke da Alhaji ku ɗan huta da hayaniyar kasuwar Kejetia ta Kumasi, ku shiga irin manyan jiragen ruwan nan da ake ci a sha a kwana a cikinsu. Ejan ya ajiye miki biyu: dare bakwai a Bahar Rum, tashi daga Basalona ta ƙasar Sifen, da kuma dare huɗu daga Durban ta Afirka ta Kudu zuwa gaɓar Mozambik. Ba ku taɓa hawa ba, kuma fasfon Gana kuke riƙe da shi ku biyun. Ni da maigidana mun yi duka biyun. Da na Durban muka fara, kuma da za a mayar da ni baya, da shi zan sake farawa.

Dalilin farko biza ce, kuma ita kaɗai ta kusa yanke hukuncin. Tun 1 ga Nuwamba 2023 mai fasfon Gana yana shiga Afirka ta Kudu ba tare da biza ba, har kwana 90 a shekara. Ki sayi tikiti, ki ɗauki fasfo da katin rigakafin shawara, shi ke nan. Katin nan mai ruwan ɗorawa kada ki raina shi, za a iya tambayarsa tun a filin jirgin saman Akra. Idan kin yi allurar lokacin aikin Hajji ba sai kin sake ba, tun 2016 ta zama ta har abada, amma wanda bai taɓa yi ba sai ta kwana 10 a jikinsa kafin katin ya fara aiki. Maganar sauka a Mozambik kuma, ki sa kamfanin jirgin ya rubuto miki abin da ake buƙata daga mai fasfon Gana, a rubuce, ba ta bakin ejan ba.

Na Basalona kuwa sai da bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai. Kuɗin neman ta yuro 90 ne ga kowane babba tun Yunin 2024, ban da ladan ofishin da ke karɓar takardu, kuma ko an ba ki ko an hana ki ba a mayarwa. Za su nemi bayanan asusun banki, takardun shago, inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da shaidar cewa kin kama ɗaki a jirgin. A nan gizo ke saƙa: sai kin ba da kafin alƙalami kafin ki nemi bizar, kuma yawancin kamfanoni, idan ranar tashi ta matso, abin da za su mayar miki yana raguwa har ya zama babu. Wata maƙwabciyarmu a Aboabo, mai sayar da atamfa, ciniki take yi sosai, amma kuɗinta hannu da hannu yake yawo, ba ya kwana a banki. Ta biya kuɗin jirgi duka, ta ɗinka kaya kala bakwai, aka dawo mata da fasfo da takardar haƙuri saura mako biyu a tashi. Har yau idan aka ambaci Turai sai ta sauya zance. Ke ma 'yar kasuwa ce, ki duba asusunki da idon wanda bai san ki ba. A ƙa'ida kwana 15 ake yi a ba da amsa, yana iya kai 45, kuma ana karɓar takardu tun saura wata shida, saboda haka mai son Bahar Rum tun da wuri yake fara sintirin Akra.

Wani tarko kuma a kowane ɓangare. A Bahar Rum, idan jirgin zai tsaya a Tunis ko wata tashar Turkiyya, kin fita daga Shengen ke nan, dawowa sai da biza mai shiga da fita sau da yawa, kuma tun ranar farko za a hana ki hawa idan ba ita gare ki ba. A Durban akwai doguwar tafiya mai zuwa Morishiyas da tsibirin Reyuniyon. Reyuniyon ƙasar Faransa ce, tana da tata bizar daban. Kada daɗin bakin ejan ya sa ki canja daga dare huɗun zuwa wannan ba tare da kin bincika ba.

Hanyar zuwa ba ta da wani dogon bayani. Duka biyun sai kin sauko Akra. Daga nan Johannesburg kusan awa shida ce, sai ƙarin awa ɗaya zuwa Durban. Basalona sai an yada zango a Amsterdam, Faris, Lisbon ko Kazablanka. Ko wanne kika zaɓa, ku isa garin kwana ɗaya kafin ranar tashi, ku kwana a otal. Jirgin ruwa ba motar Asafo ba ce da za a ce direba ya dakata fasinja na alwala. Haka a kowace tasha: idan an ce kowa ya dawo ƙarfe biyar da rabi, shida ya ɗaga, wanda ya makara ya bi shi da kuɗinsa.

Yanzu bari in faɗi aibin nawa zaɓin, kada ki dawo ki ce na rufe ki. Tekun Indiya ba ta da kunya. Daren da muka bar Durban, muna fita daga bakin tasha ƙasa ta fara motsi a ƙarƙashin ƙafata. Kwalbar turarena na mirginawa a kan teburi daga wannan gefe zuwa wancan, maratayan kaya na kaɗawa a cikin kabad kamar ana kiɗan ƙwarya. Maigidana, wanda ya yini yana cika baki cewa shi ya sha ƙetare tafkin Bolta a Yeji, ya kwanta ruf da ciki bai ko nemi abincin dare ba. Da gari ya waye ya warware. Bahar Rum a lokacin zafi ta fi lafawa nesa ba kusa ba, wani daren sai kin leƙa waje za ki tuna a kan ruwa kike, ko da yake ita ma kusa da Marsel iska na iya tayar da ita. Maganin abin ɗaya ne: ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, ba can gaba ko can sama ba. Ki riƙe citta, ki nemi ƙwayar hana jiri wajen likita tun a gida, ki sha kafin a tashi, ba bayan ciki ya juya ba. Ta wannan fuskar gajertar na Durban alheri ce. Idan ruwa bai karɓe ki ba, haƙurin dare huɗu ya fi na bakwai sauƙi.

Aibi na biyu ya fi ciwo. Wuraren da ake zuwa a Mozambik, tsibirin Fotugis da ke kusa da Maputo ko Pomene can arewa, ba su da tashar da babban jirgi zai jingina. Yana tsayawa ne a nesa, a riƙa kwasar mutane a ƙananan kwale-kwale zuwa bakin yashi. Idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi, kyaftin zai ce ba mai sauka, kuma ba wanda zai biya ki diyya. Lokacin tafiyar, daga Nuwamba zuwa wajen Afrilu, shi ne kuma lokacin guguwa a wannan yankin, ta fi yawa daga Janairu zuwa Maris. Ko an sauka ma, farin yashi ne da ruwa garai-garai da gasasshen nama, da mutane cikin kayan wanka. Ni na shimfiɗa zanena a inuwa na sha iska, na ji daɗi ƙwarai, amma idan gari kike son gani, ba gari a wurin.

Gari kam na Bahar Rum ne. Kusan kullum ki farka a sabuwar ƙasa: yau Marsel, gobe Jenowa, jibi tashar Civitavecchia, wadda ake tallata ta da sunan Roma alhali tsakaninsu kusan kilomita 80 ne, sai an shiga jirgin ƙasa ko bas. Kallo ne iya kallo, sai dai ba hutu ba ne. Tashi da asuba, layi, tafiyar ƙafa a kan duwatsu, duba agogo, komawa da gudu. Kin ce gwiwar Alhaji na damunsa, ki sa wannan a ma'auni. A Basalona ki rungume jakarki a titin Rambla, 'yan sane na can sun fi na Kejetia laushin hannu. A Durban ma kada ki fita da gwal a wuya, kada ku yi yawon dare.

Abinci: a duka biyun akwai naman alade a teburin ɗebi-da-kanka, akwai giya, akwai gidan caca da sai kin ratsa ta cikinsa wani lokaci kafin ki kai ɗakin cin abinci. Bambancin shi ne Durban gari ne mai Musulmi da yawa, babban masallacin Juma'arsu na tsakiyar gari ya haura shekara 100, kuma a jirgin za ki ga mata da hijabi iyali-iyali, ma'aikata sun saba da tambayar halal. A Bahar Rum kifi, ƙwai, taliya da ganye suka riƙe ni, sai ranar Marsel na je unguwar Noailles, inda mahautan Larabawan Magrib suke, na ci nama na ƙoshi. Ko ina ne, ki rubuta buƙatar halal tun lokacin kama ɗaki, ki kuma tambayi shugaban masu hidima a daren farko. Kada ki ɗora rai a kan tuwon zafi ko waken Hajiyar bakin titi. Shiton da kika soya a gida ma, wato soyayyen yajin nan namu, ana iya karɓe shi a bakin ƙofa, tare da dutsen guga da butar lantarki, su kuma don tsoron gobara.

Butar roba dai ki saka ta a akwati kafin komai. Bayin jirgi ɗan mitsitsi ne, takarda kawai ke ciki, kuma masan na zuƙa ne da ƙara kamar zai haɗiye mutum. Alƙibla kuma sai kin lura. Mu nan mun saba da gabas, a Durban kuwa kusan arewa sak ake fuskanta, a Basalona gabas ne da ɗan karkata kudu, ga shi jirgin yana juyawa. Talabijin ɗin ɗaki na nuna taswira da inda hancin jirgi ya dosa, da ita nake kwatantawa kafin in tayar da kabbara. Kuma a Basalona cikin Yuni rana ba ta faɗuwa sai tara ta wuce, ke da kika saba da magaribar shida da 'yan mintuna. Hukuncin kasaru da haɗa salloli ki tambayi malaminku kafin ku tashi.

Sai kuɗi. Abin da ejan ya rubuta miki kuɗin ɗaki ne da abinci da wasannin dare. Akwai ladan ma'aikata da ake ɗora wa kowane mutum a kowane dare, akwai lemo da ruwan kwalba, intanet, yawon gari da jagora, hoto, da asibitin jirgi, wanda bai san katin inshorar lafiyarmu ta gida ba, don haka ko Durban ɗin ma ku yi inshorar tafiya. A cikin jirgi ba a taɓa tsabar kuɗi, kati ɗaya za a ba ki, shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne walat. Ana ɗaure shi da katin banki ko ki ajiye tsaba a kansa, a Bahar Rum yuro, a Durban dalar Amurka. Momo, wato biyan kuɗi ta waya, ba ta aiki. Daɗin miƙa katin nan ne ke halaka mutane, sai daren ƙarshe a turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa. Ki riƙa duba lissafin kullum, a sidi. Wayarki kuma ki kashe mata layi da zarar an bar tasha, don a tsakiyar teku tana kama na tauraron ɗan'adam, mai cin kuɗin waya kamar wuta a ciyawar rani. Idan an haɗa komai, tikitin sama, biza, dare bakwai da yawon kullum a yuro, na Basalona ya yi wa na Durban nisa.

Ɗaki iri uku ne: na ciki marar taga, mai taga, da mai baranda. A Bahar Rum marar taga ya isa, kwana kawai ke kai ki. A Durban, inda yawancin lokacin a kan ruwa ake yin sa, ki ƙara kuɗi ki kama mai taga ko baranda, kallon inda sama ta haɗu da ruwa na rage jiri, kuma za ki gane asuba da idonki. Kafin a tashi za a yi atisayen ceto, a nuna miki wurin taruwarku da yadda ake sa rigar ceto. Dole ne, ana duba suna.

Idan shawarata za ki bi, ki nemi Durban a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, kafin makarantunsu su yi hutu farashi ya hau, jirgi ya cika da yara. Ku ƙara kwana biyu a garin, Alhaji ya yi Juma'a a babban masallacin, ke ki shiga kasuwar titin Victoria ki ga yadda Indiyawa ke jera kayan yaji, na san ba za ki fito hannu rabbana ba. Hatimin shiga da fita da za a buga muku zai zauna a fasfo, ya zama shaidar kun je kun dawo ranar da za ku nemi Shengen, kuma Bahar Rum ɗin a Mayu ko Satumba ta fi daɗi, ba zafi ba cunkoso. Yau da dare dai ki buɗe fasfon Alhaji ki duba, ana so ya rage masa aƙalla wata shida bayan ranar dawowarku. A gaishe min da shi.