Fulat a Tsakiyar Abuja ko Gida Mai Fili a Bayan Gari?

Dokar kullen korona da ta fara aiki a Abuja da Legas a daren 30 ga Maris 2020, wadda ba a sassauta ba sai 4 ga Mayu, ta nuna wa magidanta da dama cewa gidajensu wurin kwana ne kawai, ba wurin wuni ba. Da aka rufe makarantu, ofis kuma ya koma falo, sai katafaren falon da ake tinƙaho da shi ya kasa ɗaukar maigida da kwamfutarsa da yara da hayaniyarsu a lokaci guda.

Fulat a Wuse, Jabi ko Garki yana da amfanin kusanci da wurin aiki, amma mai saye ya lura da kuɗin hidima na shekara-shekara, ya kuma tambayi wanda ke riƙe da makullin janareta da famfon ruwa, domin a gidan haɗaka ba kai ke yanke hukunci ba. Fulat ɗin da ba shi da baranda, ko wanda tagoginsa duk suke fuskantar gefe ɗaya, a ganina bai cancanci kuɗinsa ba, musamman ga wanda ya san zafin Abuja a watan Maris.

Gida mai fili a Kubwa, Lugbe ko Kuje ya fi kusa da tsarin da muka gada, inda zaure ke tsare baƙo daga cikin gida, tsakar gida kuwa ta ɗauki girki da shanya da wasan yara. A nan mutum yana iya haƙa rijiyar burtsatse, ya ɗora sola a rufinsa, ya mayar da ɗakin waje ofis ko wurin keɓe marar lafiya, abin da a shekarar korona ya gagari masu ɗaki biyu da falo. Sai dai ofisoshi sun daɗe da komawa aiki, don haka wanda ke fita kullum ya gwada hanyar Kubwa ko ta filin jirgi da ƙarfe bakwai na safiyar Litinin, ba ranar Lahadin da dillali ya fi son zagayawa da masu saye ba.

Ga mai iyali da yawa, ni na fi karkata ga filin, ko da ginin ƙarami ne, tunda ana iya ƙara ɗaki daga baya. Amma kada a biya ko sisi sai an kai takardun ofishin AGIS, mai adana bayanan filayen Abuja, an tantance su, domin a bayan gari ne aka fi cin karo da filayen da takardunsu ba su da tushe.