Waya ko littafi: ina zan rubuta abin da ke raina?

Na shekara 2 ina rubutawa a waya. Sauƙinta ba a magana. Ko a Keke Napep nake, daga Kawo zuwa Kasuwar Barci a Kaduna, da baiti ya faɗo mini sai in adana, ga lambar sirri. Amma da saƙon WhatsApp ya shigo, tunanin ya watse.

Yanzu na koma wa littafin da na saya a Kasuwar Sheikh Gumi. Bayan sallar asuba nake buɗe shi. Biro ba ya gaggawa, dole in auna kowace kalma. Layin da na soke ma yana nan, ina ganin yadda ra'ayina ya sauya daga damina zuwa hunturu. Ba ruwansa da caji. Tsorona kawai idon ƙannena, shi ya sa yake kwana ƙarƙashin katifa.