JASP da batun ƙara wa "babu tasiri" nauyi

JASP manhaja ce ta ƙididdiga da ake saukewa kyauta, wadda masu bincike a Jami'ar Amsterdam ƙarƙashin jagorancin Eric-Jan Wagenmakers suke haɓakawa, kuma an raɗa mata suna ne don tunawa da Harold Jeffreys, masanin ƙididdiga ɗan Birtaniya. Fuskarta tana kama da ta SPSS, wata sananniyar manhajar ƙididdiga, saboda haka wanda ya saba da waccan ba zai sha wahala ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda take tafiyar da zaton farko, wato abin da mai bincike ya ɗauka game da girman tasiri (bambanci ko alaƙar da yake nema) tun kafin ya duba bayanansa.

A gwajin t (wanda ake kwatanta matsakaicin rukunoni da shi) na tsarin Bayes, wato tsarin da ake sabunta zato da bayanai, manhajar tana zuwa da zaton farko mai siffar da ake kira rabon Cauchy, mai cibiya a sifiri da faɗi 0.707, ma'ana rabin nauyin zaton yana tsakanin -0.707 da 0.707. Sauya wannan lamba abu ne mai sauƙi: ana rubuta sabuwa a akwatinta, sakamakon da ke gefen dama ya canza nan take. Akwai kuma zane mai nuna yadda ma'aunin Bayes, wato lambar da ke nuna sau nawa bayanai suka fi goyon bayan hasashen akwai tasiri a kan na rashin tasiri, yake hawa ko sauka idan aka faɗaɗa zaton zuwa 1 ko 1.414, kuma a ganina wannan zane kaɗai ya isa dalilin sauke manhajar.

Sai dai a nan ne mutane da yawa suke yin tuntuɓe. Wanda yake ganin tasirin da yake nema da wuya ya wanzu yakan matse faɗin zuwa kusa da sifiri, yana zaton ya ƙara wa hasashen rashin tasiri nauyi, alhali kuwa abin da ya yi shi ne mayar da hasashe biyun kusan iri ɗaya, ta yadda ma'aunin zai doshi 1, ya kasa bambance su. Faɗaɗawa fiye da kima ce take fifita rashin tasiri, abin da aka sani da sarƙaƙiyar Lindley. Nauyin da ake ba kowane hasashe wani abu ne daban, kuma a gwajin t mai bincike ne zai lissafa shi da kansa. Idan ma'aunin ya ba da 6, kuma aka fara da rabi da rabi, yiwuwar akwai tasiri za ta kai kusan kashi 86 cikin 100. Idan kuwa aka fara da 9 a kan 1 don goyon bayan rashin tasiri, za ta tsaya a kashi 40 kacal.

A sashen nazarin dangantakar masu canji da yawa, manhajar tana ba da damar zaɓar nauyin kowane samfuri, wato kowane hasashe game da masu canjin da ke da tasiri. Ya kamata a sanya irin wannan akwati a gwajin t, domin da shi ne yawancin ɗalibai suke fara koyo.