Kaluluwar Baban Abba da aikin asibitin Ingila

Yaya, ina gaisuwa. Ya sanyin Jos? A gaida min Umma da yara.

Kin ce in ba ki labarin asibitin nan, tunda ke ma Sadiya na fama da kaluluwa a wuya. Ta Baban Abba ba ta ciwo, ga tauri, ta yi makonni ba ta sace ba, ga zufar dare har sai an sauya zanin gado. A nan ba a biya a bakin asibiti, amma kada ki ɗauka kyauta ne: wajen neman biza yawancin manya na biyan fam 1,035 na lafiya duk shekara. Samun ganin likitan unguwa kuwa sai haƙuri, gida ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai da zarar sun yi zargin ciwon daji, ƙa'idarsu ita ce cikin kwana 28 a faɗa maka eh ko a'a.

Ba su tsaya ga zuƙo ɗan nama da allura don gwaji ba, kaluluwar suka ciro ɗungurungum. Aka daskarar da ita cikin kaki, ɗan dunƙule kamar Maggi, ana yankar ta siriri ana rina ta kala-kala. Sakamakon ya ce fararen ƙwayoyin jini sun yi yawa, kamanninsu sun sauya, amma ba su kai a kira su daji ba. Likitar ta ce tarin fuka, HIV, wata ƙwayar cuta mai suna EBV, har maganin farfaɗiya phenytoin na iya kawo haka, wani lokaci kuma somin limfoma ne, wato dajin kaluluwa. Yanzu bibiyarsa suke yi. Zaman jiran nan da nauyi, Yaya, addu'a kawai muke.

Abin da ya fi tsaya min a rai, tambayar da ta fara yi: ya sha prednisolone ko dexamethasone? Suna sacar da kumburin, su ɓoye cutar, gwaji ya fito a rikice. A nan kemis ba zai ba ka su ba sai da takardar likita, mu kuwa a kasuwar Terminus yaro ma sai ya sayo.

Don Allah kada a ba Sadiya komai daga kemis. Ku kai ta JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a fara da gwajin tarin fuka, shi da maganinsa kyauta ne. In an ciro naman, ki tambaya ko za su ba ku dunƙulen kakin, wani likitan ma ya duba. Kuɗin gwajin naman zan turo ranar Juma'a in Allah ya yarda.