Wane irin bidiyo za ka saya wa waƙarka? Tsaya ka ji kafin ka ba darakta kafin alƙalami

Tun da na fara riƙe wa ƙanena harkar waƙarsa, shi mai kaɗa jita ne kuma salon pop yake bi, abokansa mawaƙa ke turo min tambaya iri ɗaya, wai Yaya wane darakta za mu ɗauka, nawa ake yin bidiyo mai kyau. Ni kuma kullum amsata ita ce ka bar zancen darakta tukuna, fara sanin wane irin bidiyo kake son saya, don bidiyon waƙa kaya ne kamar kowane kaya a kasuwa, iri-iri ne, kowanne da kuɗinsa da wahalarsa da kuma inda ake cutar mutum a cikinsa. Yawancin salon da muke gani yau a YouTube ko Instagram daga bidiyoyin rok da pop na Ingila da Amurka aka gado su, musamman bayan an buɗe MTV, tashar talabijin ta bidiyon waƙoƙi, ranar 1 ga Agusta 1981 lokacin da ya zama dole kowace waƙa ta fito da hotonta, kuma in ka san asalin kowane salo ba wanda zai zo ya sayar maka da shi a matsayin wai shi ya ƙirƙiro.

Bari na fara da wanda nake so, ba zan ɓoye ba, bidiyon da mawaƙi ke rera waƙarsa a gaban kyamara a wuri guda, ba labari ba ƴan wasa ba motar haya. Wannan shi ne ƙashin bayan bidiyon rok tun asali, za ka ga ƙungiya a cikin wani fanko ko tsohon sito ko ɗakin wasanni, an hura hayaƙi an sa fitila daga baya yadda jikinsu zai fito kamar inuwa, kyamara a hannu tana ɗan rawa, a nuno yatsun mai jita a kan tsirkiya a nuno mai ganga yana zufa, edita kuma yana yanka hoton daidai inda ganga ta faɗi. Bidiyon waƙar Smells Like Teen Spirit ta ƙungiyar Nirvana na 1991 wanda Samuel Bayer ya ɗauka haka yake, wuri ne da aka shirya kamar ɗakin wasanni na makaranta da hayaƙi da haske ruwan ƙasa-ƙasa da matasa a zaune kan benci har su barke da tsalle, shi kenan, amma har gobe ana kwaikwayonsa. Su kuma ƴan pop sun ɗauki wannan salon sun wanke shi, haske fari tas a kan fuska, kala mai ɗaukar ido, tauraro yana kallon cikin kyamara kamar da kai yake magana.

Abin da ya sa na mutu a kan wannan salon shi ne kuɗinka a kan fuskar mawaƙi da haske yake ƙarewa, kuma su ne abu biyu da mai kallo ke riƙewa. Dubi Bohemian Rhapsody na Queen a 1975, cikin awa 4 aka ɗauke shi kuma kuɗin bai kai fam 5,000 ba, abin da kowa ke tunawa fuskoki huɗu ne a cikin duhu an hasko su daga sama. Dubi Nothing Compares 2 U na Sinéad O'Connor na 1990, kusan duk bidiyon fuskarta ce kawai da baƙin bango a baya, gashi a aske, tana rerawa tana kallonka har hawaye ya gangaro mata wajen ƙarshe, kuma da shi ta zama mace ta farko da ta ci kyautar bidiyon shekara ta MTV. Ni wallahi duk sanda na kalle shi sai na ji tsigar jikina ta tashi, ba jirgi ba gidan sama ba komai, mutum ne da waƙarsa. In mawaƙinka yana da fuskar da ke magana kuma ya haddace waƙarsa har numfashin da ke tsakanin baituka to ka gama, nemi ɗaki mai faɗi, fitilu biyu ko uku masu kyau, janareto da ba zai ba ka kunya ba, da mai kyamarar da ya san haske, yini guda ya isa.

A cikin wannan gidan akwai ɗan'uwansa da ake ɗauka a tashi ɗaya ba yanka, kyamara ta kunna daga farkon waƙa har ƙarshe. Coldplay sun yi shi a Yellow a 2000, mawaƙinsu Chris Martin yana tafiya shi kaɗai a bakin teku a Ingila cikin rigar ruwa gashi a jiƙe, hoton yana tafiyar hawainiya amma bakinsa na daidai da waƙar, kuma dabarar mai sauƙi ce, an ɗauka da hoto 50 a daƙiƙa an kunna masa waƙar da ninkin saurinta ya bi ta a haka, da aka dawo da hoton 25 a daƙiƙa sai komai ya yi silo, wato tafiyar hawainiyar nan, bakin kuma ya zauna daram. Na kawo wannan ne don ka riƙe shi a matsayin jarrabawa, ka tambayi duk daraktan da ya ce zai yi maka silo yaya za a yi baki ya dace da waƙa, in ya fara kame-kame ka san bai taɓa yi ba. Ƙungiyar OK Go ma a waƙarsu Here It Goes Again a 2006 su huɗu ne a kan injin gudu na motsa jiki guda 8, kyamara a kafe wuri ɗaya, har Grammy suka ci da shi. Wahalar wannan salon a atisaye take, kwana da kwanaki za a yi ana maimaitawa kafin ranar ɗauka, amma atisaye ba ya cin kuɗi kamar yadda hayar wuri ke ci, kuma edita ba shi da inda zai ɓoye maka aiki.

Bidiyo mai labari kuwa, wanda za a sa saurayi da budurwa a yi faɗa a rabu a shirya, ko a yi ɗan ƙaramin fim, kowa Thriller na Michael Jackson yake hangowa, to ka sani wancan na 1983 John Landis ne ya ba da umarni, mutumin da dama daraktan fina-finai ne, tsawonsa kusan minti 14 kuma aƙalla dala 500,000 ya ci a wancan zamanin. Labari yana son marubuci da ƴan wasa na gaske da wurare uku huɗu da mai kula da kwantiniti, wato mai tabbatar da kaya da yanayi ba su saɓa ba daga wannan fitowa zuwa waccan, in ɗaya ya gurgunce duk sun gurgunce, in ba ka da wannan ƙarfin ka haƙura. Na rawa irin na pop, mutum a tsakiya ƴan rawa a bayansa, yana kyau in akwai mai koyar da rawa na ƙwarai, Single Ladies na Beyoncé a 2008 mutum uku ne kawai a farin fili hoto baƙi da fari, rawar ce ta ɗauke shi, sai dai in a Kano za ka yi ka fara sanin ƙa'idojin hukumar tace fina-finai kafin ka kashe sisi. Na zane da na koren ƙyalle, wanda ake ɗauka a gabansa a sauya bayan hoton a kwamfuta, ban ba ka shawara ba sam, Take On Me na a-ha a 1985 sai da aka yi mako 16 ana zana hotuna kusan 3,000 da hannu, wanda ya ce zai yi maka irinsa a kwana biyar abin da zai kawo maka ba zai kallu ba. Na rubutun baituka a allo shi ne mafi araha, a riƙe shi a matsayin na jiran babban bidiyo kawai.

To yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, don a nan aka yi min sakiyar da ba ruwa. Bidiyon ƙanena na farko mai labari muka saya, wani darakta da ba zan kama sunansa ba ya zaunar da mu ya buɗe kwamfuta ya nuna mana guntayen ayyuka masu kyan gaske, hoto daga sama, mota tana sheƙa gudu da daddare fitilu na walƙiya a jikin gilashi, ya ce duk nasa ne, muka yarda muka ba shi fiye da rabin kuɗin tun ba a kunna kyamara ba. Ranar ɗauka ya iso bayan la'asar alhali da hantsi muka yi da shi, kyamarar da ya zo da ita ba ita ya nuna mana ba, rana tana faɗuwa ana ta sauri, sifikar da za a kunna waƙa don mamin, wato bin waƙar da baki, ma babu sai da wayata aka yi, ƙanena yana tsaye can nesa ba ya ko jin waƙar sosai yana ta motsa baki da ka. Bayan wata biyu ana kira ba ya ɗagawa sai ga bidiyo ya turo ta WhatsApp, na zauna na kalla a gaban mahaifiyarmu, a amshi na biyu bakin yaron yana rufe murya na fita, hoton saman da aka sa kuma wani gari ne mai dogayen benaye da ba mu taɓa zuwa ba. Ƙanena bai ce komai ba, ya tashi ya shige ɗaki. Kuɗin nan na adashen da ya yi shekara yana zubawa ne.

Daga baya na gano guntayen da ya nuna mana ranar farko na wasu ne ya sauko da su daga intanet ya haɗa. Saboda haka kar ka taɓa yarda da guntaye, ka ce a ba ka cikakken bidiyo guda biyu ko uku da ke kan YouTube, ka duba ko sunansa na jiki ko a ƙasan bayanin bidiyon, sannan ka nemi mawaƙin da aka yi wa aikin ka tambaye shi baki da baki, ya zo kan lokaci, ya cika alkawari, ya ƙara kuɗi a tsakiya? Wanda ya yi aikin gaske da murna zai haɗa ka da su. Kuma in kana kallon aikin nasa ka kashe sauti ka kalli hoton kaɗai, sannan ka kunna ka zuba wa leɓe ido musamman wajen haruffan da ke rufe baki irin B da M, a nan ake kama mamin da bai zauna ba. Ka lura ko fatar mutum ta fito da kalarta, don da yawa suna jibga wa hoto kala shuɗi da ruwan lemo wai shi ne kalar fim, sai baƙin mutum ya koma toka-toka ko ja kamar an shafa masa manja, mai haska baƙar fata da kyau shi ne gwani a wajenmu ba mai yawan ado ba.

Sai maganar 4K, wato hoto mai babban inganci, kowa yanzu 4K yake cewa, alhali ana iya ɗauka da ƙaramin inganci a kumbura shi a kwamfuta fayil ya nuna 4K hoton kuwa dishi-dishi. Ka tambayi sunan kyamara da gilashin da za a ɗaura mata, ka rubuta, ranar ɗauka ka duba da idonka ita ce ko ba ita ba. Ni a ganina ma 1080, ingancin da ke ƙasa da 4K, mai haske mai kyau ya fi 4K na duhu sau goma, yawancin masu kallonka a waya za su kalla. Wannan ya tuno min, ka faɗa tun farko kana son na kwance don YouTube da na tsaye don TikTok da Instagram, saboda in ba a bar fili a gefe lokacin ɗauka ba in aka zo yankewa rabin fuska ko jitar za ta fita, kuma a lokacin ne za a ce maka sai ka ƙara kuɗi.

Diron ma haka, jirgin nan mai kyamara, ya zama abin yaudarar sabon mawaƙi, a ɗaga shi sama a nuno rufin kwano da titi na daƙiƙa biyar a caje ka kuɗi mai kauri, in waƙarka ba ta da alaƙa da filin da ake nunawa ba abin da ya ƙara maka. Mafi muni shi ne wanda ba zai ɗaga komai ba sai ya ɗauko hoton wasu ya liƙa kamar yadda aka yi mana, ranar da mai hoton ya kai ƙara YouTube bidiyonka ne za a sauke ko a karkatar da kuɗin tallansa, darakta yana gidansa ba ruwansa. Akwai kuma masu haɗa maka da garaɓasa wai za su kawo maka kallo dubu kaza cikin mako guda, wannan kallon na saye ne, na'ura ce ba mutane ba, YouTube na gogewa in ta gano kuma tashar taka na iya shiga matsala, za ka gane su da kallo mai yawa amma ba kowa a wajen sharhi.

Kuɗi kuwa kashi uku nake rabawa yanzu, kaɗan kafin aiki don ya kama wuri da kaya, na biyu ranar ɗauka bayan na ga kyamara da fitilu da sifika sun iso, na ƙarshe kuma mai tsoka sai na kalli bidiyon a babban allo na amince. A rubuta a takarda ko da a saƙon waya ne da shaidu biyu, ranar da za a kawo aiki, sau nawa za a yi gyara ba ƙarin kuɗi, da kuma cewa ɗanyen hoton da aka ɗauka duka namu ne za a juye mana a namu faifan ajiya ranar da aka gama ɗauka kafin kowa ya tafi gida. Wancan mutumin har yau ɗanyen hotonmu na hannunsa, da mun karɓa da wani editan ya ceto mana ko rabin aikin.

Bidiyo na biyu a wani tsohon sito muka yi shi, baƙin yadi a bango, fitila ɗaya daga sama ɗaya daga baya, sifika babba a gefen ƙafarsa yadda zai rera da ƙarfi ba motsa baki kawai ba har jijiyar wuyansa ta fito a hoto. Sau tara ya rera daga farko har ƙarshe, muka zaɓi na bakwai, kuɗin bai kai rabin na farko ba kuma kafin magariba faifan yana cikin aljihuna.